Shirin Shiga Hunturu

Yau maganarmu a kan hunturu ce, da shirin da ya kamata kowane gari ya yi tun iska ba ta juyo ba.

Na san wani zai ce, "Wane shiri kuma? Hunturun da mu ke gani kowace shekara tun muna yara?" Gaskiya ne, ba baƙo ba ne. Amma mu da mu ke aiki a ɗakin magani mun san abin da watannin nan su kan kawo mana bakin ƙofa. Da an gama girbi an kai dawa rumbu, sai masu zazzaɓin cizon sauro su fara raguwa, masu tari da masu ƙuna su maye gurbinsu. Kafin sanyi ya gama tafiya kuma sai a fara jin labarin sanƙarau da ƙyanda. Abin da ya ke ba ni takaici shi ne, yawancin wannan wahala da an shirya da ba ta auku ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bari mu fara da ita kanta iskar. Daga arewa maso gabas ta ke busowa, daga hamadar Sahara, tun wajen ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Maris. Ƙura mai yawa daga cikin wadda ta ke ɗauko mana daga wani kwari ne mai suna Bodele, can arewacin ƙasar Chadi. A zamanin dā ruwan tabkin Chadi har can ya ke kwance. Da ya ƙafe sai ya bar farar ƙasa mai laushi kamar toka. Iska ta kan biyo ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta matsu, ta yi ƙarfi, ta kwashi wannan ƙasa ta yi sama da ita. Shi ya sa in kun duba ƙurar da ta kwanta a kan faifai ran da aka yi hazo, za ku ga fara ce, ba irin ƙasar garinku ba.

Iskar nan ba laima a cikinta ko kaɗan. Ita ke busar da leɓe da hanci da maƙogwaro, ita ke busar da jinka da zana har su zama kamar an shirya su domin wuta. Sa'an nan da dare zafin ƙasa ya kan tsere da sauri. A Kano cikin Janairu ma'aunin zafi ya kan kai wajen 30 da rana, amma da asuba ya sauko 12 ko 13, wani lokaci ƙasa da haka. Babban mutum mai ƙoshin lafiya zai ce ɗari ne kawai, ya ƙara mayafi. Jariri da tsoho ba haka ba ne a wurinsu.

Hunturu ba kullum ya ke da ƙarfi ɗaya ba. Ya kan lafa, sa'an nan ya taso gaba ɗaya, a wayi gari ba a ganin bishiyar da ke bakin kasuwa. Hukumar kula da yanayi ta Nijeriya, wadda a ke kira NiMet, ta kan ba da sanarwa in ta hango hazo mai kauri yana tafe, ana kuwa karantawa a rediyo. Wanda ya ji, ya gaya wa wanda bai ji ba. Amma kada a jira sanarwa kafin a fara abin da zan faɗa yanzu.

Aikin farko na dagaci ne. Tun cikin Nuwamba ya tara masu unguwanni, da limamai, da malaman tsangaya, da ungozoma, da shugaban samari, da ma'aikacin ɗakin magani, a zauna yini guda. Kowane mai unguwa ya san gidajen da ke ƙarƙashinsa. To, ya faɗi: wace tsohuwa ce ke kwana ita kaɗai? Wane gida ne a ke jego, ko a ke jiran haihuwa? Ina mai fuka, ina mai amosanin jini, watau sikila, ina mai farfaɗiya, ina makaho? A rubuta su, a ba kowane ɗaya maƙwabcin da zai riƙa leƙa shi safe da maraice. Wannan ba kuɗi ya ke ci ba. Tsoho ya kan kwana uku da ciwo a ɗaki, kowa yana zaton sanyi ne ya hana shi fitowa.

Kada a manta da almajirai. Yaro ne ɗan shekara 7 ko 8, riga ɗaya gare shi, yana kwana a zaure a kan dandamalin ƙasa ko siminti. Shi ne zai tattaro kara da leda ya hura wuta da tsakar dare, shi ne kuma za a kawo mana da ƙuna ko da tari. Kowane gida akwai tsohuwar riga, ko gwado, ko buhun da ba a amfani da shi. A tara a kai wa malaminsu. Ku sani kuma ƙasa ta fi iska zuƙe ɗumin jikin mai barci, saboda haka abin shimfiɗa bai gaza abin rufa amfani ba. Ko kwali aka shimfiɗa ƙarƙashin tabarma ya taimaka.

GOBARA

Waɗanda su ke Kano a watan Maris na 2016 ba su manta da gobarar kasuwar Sabon Gari ba, wadda ta cinye shaguna dubbai a dare ɗaya. To, in kasuwar birni mai ginin siminti, kusa da 'yan kwana-kwana, ta ƙone haka, ina ga ƙauye mai jinka da darni, ga kara an jingina ko'ina, ga harawa a kan rufi? Da hunturu tartsatsi ɗaya ya isa, iska kuwa ita za ta raba shi gida gida. A ƙauye gobara ba ɗaki kaɗai ta ke ci ba, har da abincin shekara, bayanta kuma sai yunwa da ciwon da yunwa ke jawowa.

Samari su yi gayya su share ciyawa kewaye da rumbuna, da gefen gari na gabas da na arewa inda iska ke shigowa, a bar fili fes wanda bai gaza taku goma ba. Kada a jingina kara ko zana a bangon madafa. Iyaye mata, in an sauke tukunya a kashe wuta da ruwa. Rufe ta da toka ba kashewa ba ne. Tokar ma kada a kai ta juji sai an yayyafa mata ruwa, don sau da yawa garwashi yana ɓoye a ciki, iska ta tone shi bayan kowa ya yi barci. Kowane gida a ajiye tulu cike da ruwa da bokitin yashi a inda hannu zai kai cikin duhu. Yashin domin wutar fetur da kananzir ne, gama in aka watsa musu ruwa sai su bi ruwan su bazu. Masu sayar da fetur a kwalba su fitar da jarka daga ɗakin kwana. Kada a zuba wa fitila ko risho kananzir suna ci. Masu cinna wa daji wuta don neman gafiya kuwa, wannan maganar dagaci ce, ya ja musu kunne a bainar jama'a. A kuma yanke tun yanzu yadda za a yi shela in wuta ta tashi, ko da ganga ko da lasifikar masallaci, kowa ya san rijiyar da zai nufa.

WUTA A CIKIN ƊAKI

Yanzu ga maganar da na fi so ku riƙe. Wata shekara da asuba aka kawo mini mace da 'ya'yanta biyu a kan amalanke. Uwar ba ta san inda ta ke ba, babban yaron yana amai yana riƙe da kai, ƙaramin kuwa an riga an makara. Waɗansu suka ce tuwon dare ne, waɗansu suka ce iskoki ne. Da na je gidan sai na tarar da kasko cike da tokar gawayi a tsakar ɗaki, an toshe taga da tsumma, an saki labule, an ja ƙyaure. Uwar ba ta yi haka don sakaci ba, don kada 'ya'yanta su ji sanyi ta yi.

Gawayi in yana ci a inda iska ba ta shiga ya kan fitar da wata iska mai guba, likitoci suna kiranta kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. Ba hayaƙi ba ce, don haka garwashin da ya yi ja ya daina hayaƙi bai daina fitar da ita ba. In mutum ya shaƙe ta sai ta kama jininsa ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita. Wanda ya ke farke zai ji ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala. Mai barci kuwa ba abin da zai ji, barcin ne zai zarce. Janareto ma haka ya ke, ko ya fi. Kada a tashe shi a ɗaki, ko a zaure, ko a gindin taga.

In za a ɗumama ɗaki da garwashi, a yi tun da sauran ido biyu, ƙofa a buɗe, sa'an nan a fitar da kasko waje kafin a kwanta. In kuka ga mutanen ɗaki ɗaya sun tashi gaba ɗaya da ciwon kai da amai, ku fitar da su fili nan da nan, ku buɗe ko'ina, ku kai su asibiti ko da sun ce sun ji sauƙi.

To, za ku tambaye ni, in an ce kada a toshe ɗaki, kada kuma a kwana da wuta, yaya za a yi da sanyi? Ga dabara. Tagar da ke fuskantar gabas ko arewa, ita ce ke shigo da iska da ƙura, a rufe ta. Ta yamma ko ta kudu a bar ta a buɗe ko da rabi. Ɗumi kuwa a nema a jiki: riga biyu ko uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, a sa hula da safa, a yi shimfiɗa mai kyau.

Jin ɗumi a tsakar gida ma yana da nasa haɗari. Yara su kan matsa kusa har bakin riga ya kama, yadin roba kuwa narkewa ya ke yi ya manne a fata. Mai farfaɗiya kada ya zauna gaban wuta shi kaɗai. Wanda kuturta ko ciwon suga ya kashe masa jin ƙafa ya kan miƙa ta gaban wuta har ta ƙone bai sani ba. Tukunyar ruwan wankan jego kuma, kada a bar ta a ƙasa inda mai rarrafe zai kai.

In tufa ta kama wuta kada mutum ya yi gudu, gudu hura ta ya ke yi. A kayar da shi ƙasa a mirgina shi, ko a lulluɓe shi da bargo. Sa'an nan a yi ta kwarara ruwa mai sanyi mai tsabta a kan ƙunar har minti 20. Na ce minti 20, ba kofi ɗaya ba, domin zafin yana ci gaba da cin nama a ciki bayan an kashe wutar. In yaro ne a rufe sauran jikinsa kada sanyi ya kama shi. A cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura. Kada a fasa bororo. Kada a shafa ɗanyen ƙwai, ko manja, ko man goge haƙori, ko tawada, ko kashin shanu. Duk waɗannan mu ne za mu kankare su daga baya, yaron yana kuka, ƙwayoyin cuta kuwa sun riga sun shiga. A rufe da tsabtataccen ƙyalle a kawo. Ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita girma, ko ta fuska, ko hannu, ko gaba, ko kan gaɓa, ta asibiti ce.

YARA

Mura da majina ba abin tsoro ba ne, su kan wuce da kansu in yaro yana shan nono da ruwa yana cin abinci. Abin tsoro shi ne ciwon haƙarƙari, wanda a asibiti a ke kira namoniya, watau ciwo ya sauka cikin huhu. Kowace uwa tana iya gane shi. In yaro yana tari, a bari ya natsu, a ɗaga rigarsa, a ƙirga numfashinsa minti ɗaya cif da agogo ko da wayar hannu. Jaririn da bai kai wata 2 ba, in ya kai 60 ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa shekara ɗaya, 50. Daga shekara ɗaya zuwa 5, 40. In kuma kuka ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki sa'ad da ya ja numfashi, ko ya ƙi nono, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko yana jijjiga, kada a jira gari ya waye. Akwai maganinsa, amoksisilin, ba shi da tsada, amma ma'aikacin lafiya ne zai auna shi gwargwadon yaron, kuma tilas a sha har ƙarshe. Tsaga da sakiya da cire beli ba sa kaiwa huhu. Jini kawai yaron zai zubar, kwana kuma yana tafiya.

Ungozoma, jaririn da aka haifa da hunturu a tsane shi nan take da busasshen zane, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a rufe su tare, a sa masa hula. Wanka ya jira sai bayan awa 24. Na san kakanni ba su son jin wannan, su kan ce zai yi ƙarni. Ƙarni dai ruwa zai wanke shi gobe. Bakwaini da ɗan ƙaramin jariri kuwa, ƙirjin uwa shi ne ɗakinsu dare da rana.

A duba katin rigakafin kowane yaro tun yanzu. Allurar ciwon haƙarƙari ana yin ta a mako 6, da 10, da 14. Ta ƙyanda a wata 9, a maimaita a wata 15. Kyauta ne a asibitin gwamnati. Wanda ya tsallake, a kawo shi, ba za a kore shi ba.

SANƘARAU

Manyanmu sun tuna shekarar 1996, sa'ad da sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu, yawancinsu a nan arewa. Ciwon ya kan fara ɗagowa cikin hunturu, ya tsananta wajen Maris da Afrilu, ya kwanta in ruwa ya sauka. Dalili kuwa, ƙwayar cutar tana zaune a maƙogwaron mutane da yawa ba ta yi musu kome ba. In busasshiyar iska da ƙura suka ƙuje fatar cikin hanci da maƙogwaro sai ta sami hanyar shiga jini, ta kai ga rigar ƙwaƙwalwa. Daga mutum zuwa mutum kuma ta tari da atishawa ta ke bi, musamman inda aka cunkushe a ɗaki ɗaya aka toshe taga. Kun ga dalili na biyu ke nan da ya sa na ce a bar taga ɗaya a buɗe. Malaman tsangaya da masu makarantun kwana, wannan taku ce.

Ƙwayar iri iri ce. A 2010 aka fara allurar rigakafin irin da a ke kira A a Burkina Faso da Mali da Nijar, a 2011 aka fara a Nijeriya, tun daga nan kuwa wannan iri ya kusa ɓacewa. Amma a 2017 wani iri, C, ya ɓarke daga Zamfara ya bazu zuwa Sakkwato da Katsina da maƙwabtansu, ya kashe fiye da mutum 1,000. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai tare iri 5 gaba ɗaya. Saboda haka in masu allura suka zo gari, kada wani ya ce ai an yi masa tun tuni. Ya fito, ya fito da iyalinsa.

Alamunsa: zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, amai, ƙin haske, wuya ya sanƙare har mutum ba ya iya kai haɓarsa ƙirji, wani ya rikice ko ya yi jijjiga. Jariri ba lalle wuyansa ya sanƙare ba. Shi sai ya ƙi nono, ya yi ta kuka mai ƙara, maɗigarsa ta kumbura. Sanƙarau yana iya kisa cikin yini ɗaya, wanda ya tsira a makare kuma sau da yawa ya kan kurumce. Allura ce maganinsa, tana kuwa aiki in an zo da wuri. Mutum ɗaya in ya kamu, a sanar da ɗakin magani da dagaci a ran nan, don mu aika wa na gaba da mu.

Sauran ƙananan abubuwa ba sai na daɗe a kansu ba. Kaushi da faso, man kaɗanya ko basilin bayan wanka da bayan alwala. Haɓo, a sunkuyar da kai gaba, ba baya ba, a matse taushin hanci minti 10. Ido in ƙura ta shiga a wanke da ruwa mai tsabta, kada a murza, kada a ɗiga kome sai abin da aka bayar a asibiti. A sha ruwa ko ba a jin ƙishirwa, don iskar nan tana zuƙe ruwan jiki ba tare da gumi ba. Masu sikila su fi kowa kula da wannan, su da wankan ruwan ɗumi, gama sanyi da ƙarancin ruwa su ke tayar musu da ciwon ƙashi.

Ran da aka yi sanarwar hazo mai kauri, ko kuka ga gabas ta yi fari rana ta dushe, a rufe randuna da abinci da bakin rijiya, a kwashe shanya. Mai fuka ya duba abin shaƙarsa ko da saura a ciki, ya zauna gida. Wanda fita ta zama masa tilas ya rufe hanci da baki da takunkumi, in babu ko da rawani ko gyale. A ɗage sharar tsakar gida, ko a yayyafa ruwa tukuna. Direbobi da masu babur su kunna fitila ko da rana tsaka, su rage gudu.

Abu na ƙarshe da za a yanke a zaman dagaci shi ne abin hawa. Duk ciwon da na ambata, da dare ya fi tashi, da dare kuwa a ke rasa mota. A san mai mota ko mai babur biyu da suka yarda a tashe su kowane lokaci, a rubuta lambar wayarsu a bangon masallaci da na ɗakin magani. A yi asusu, kowane gida ya sa abin da ya samu yanzu da a ke da kuɗin kaka, a danƙa wa amintacce domin kuɗin mai. Wanda aka kai da kuɗin asusu ya biya daga baya in ya sami hali.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan tsabtar rijiya da rani. A kwana lafiya.